Tsohon da ke Cikin Madubi

Litinin, 8:40 na safe

Mutum ɗari uku da goma sha biyu sun kalla tun jiya da yamma. Ɗari uku! Na ce wa Shugaba ajinsu gaba ɗaya bai kai mutum hamsin ba, ke nan baƙi ne ke kallon aikin 'yata. Ta ce in cire sau ashirin daga ciki, don ni ne. Sharri ne, sau tara na kalla.

Shugaba dai ita ce mai ɗakina. Tun da na fara wuni a ɗakin bayan shagonta na ɗinki nake kiranta haka, ita kuma ba ta taɓa cewa in daina ba. Yau kwana goma sha tara da aka ce in zauna a gida har kwamiti ya gama batun mabuɗin sito. Ba zan rubuta batun nan a littafin nan ba. Shekara ashirin da biyu ina riƙe mabuɗi, na san abin da na yi da abin da ban yi ba. Kullum ina sa rigar ofis, in rataya katina a wuya, in ɗauki jaka, in leƙa ɗakin Inna in gaishe ta. Ta kama hannuna, don idonta ya yi rauni, ta ce, "Ma'aikaci, a dawo lafiya." Sai in bi ta bayan gidan mai, in zagaya, in shigo shago ta ƙofar baya. Shugaba kaɗai ta sani. Inna na da hawan jini. Yaya kuwa shi ya samo mini aikin. Auta tana karatu, ba na son a raba mata hankali.

Auta ce ta yi bidiyon, ita da 'yan ajinsu uku, aikin ƙarshen zango. Wata ƙawarta ce ta rera waƙar, amma Auta ce darakta. Kiɗan ma ba ganga ba ce, ƙarar keken ɗinkin uwarta ta naɗa da ƙarar almakashi, suka harhaɗa ya zama kiɗa. Wa ya koya mata wannan? Ni dai ba ni ba ne, don ni ne na yi wata biyu ina fushi da ta ƙi karatun jinya ta ce fim za ta karanta.

Malamarsu ta ce bidiyon ya zauna mako uku a intanet, su tattara abin da masu kallo suka rubuta a ƙarƙashinsa, su yi rahoto, su tsaya gaban malamai su kare. Rabin makinsu ke nan.

Talata, 1:15 na rana

Ɗari bakwai da huɗu. Kwana ashirin.

Laraba, 10:00 na safe

Wani ya rubuta wai launin hoton ya yi duhu, wai ɗaliban yanzu ba su san haske ba. Kai! Da me za su san haske? Makarantar fitila biyu gare ta, wata ƙungiya ta riga su ɗauka. Ni ina nan aka yi aikin, na san wahalar da suka sha.

Wannan ma ban gaya wa kowa ba. Talatar da ta wuce suka zo, Shugaba ta ce mini da La'asar za su zo, sai ga su ƙarfe goma wai hasken safe suke so. Ina ɗakin baya ina yi wa wata riga gidan maɓalli. Ƙofar baya na nan, da na so fita da na fita. Ban fita ba. Na ja labule na zauna ina sauraro. Na ji muryar yarinyar da a gida sai an kira ta sau uku take amsawa tana cewa, "A tsaya! A sake. Ke, kada ki kalli kyamara, kalli hannun Mama." Namiji mai gemu a cikinsu yana ce mata, "To, Darakta." Wallahi sai da na ji kaina ya yi girma a bayan labulen nan.

Da suka rasa fitila, ita ce ta ce a ɗauko dogon madubin da mata ke gwada kaya, a karkata shi wajen ƙofa ya dawo da hasken rana kan fuskar mai waƙar. Da kunnena na ji ana jan shi. To wannan mai cewa ba su san haske ba, shi ya taɓa yin fitila da madubi?

Na ce Shugaba ta ba shi amsa da wayarta. Ta ce in bar mata aikinta.

Alhamis, 9:30 na safe

Dubu ɗaya da ɗari biyu. Sharhi tamanin da shida. Yawanci yabo. Wata ta ce kiɗan ya tuna mata da ɗakin kakarta. Wani ya ce mai waƙar ta cika lumshe ido. Gaskiyarsa.

Alhamis, 11:05 na safe

"Wai ni kaɗai na lura da tsohon da ke cikin madubi a 2:14?"

Alhamis, 11:20 na safe

Innalillahi.

Asabar, 4:30 na yamma

Jiya ban iya rubutu ba.

Sakan shida ne. Mai waƙar na tsakiya, a bayan kafaɗarta ta hagu ga madubin, a cikin madubin ga tsagar labule, a cikin tsagar ga ni. Rigar ofis, igiyar kati a wuya, allura a hannu. Ina gyaɗa kai daidai da kiɗan kamar wanda aka biya. Na ciji zare, na soke allurar a kwalar rigata, sai hoton ya wuce. Sau tara na kalli bidiyon nan ban ga kaina ba, don 'yata nake nema a cikinsa. Wanda ya haɗa musu hoton ma a ƙaramar kwamfuta mai tsagaggen gilashi ya yi aikin. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kuma kowa a gida ya san ranar Talata da safe aka ɗauka, don Inna ce ta sa musu albarka kafin su fita.

Shugaba ta kalla sau biyu, ta ajiye wayar, ta ce, "Ka yi kyau dai." Ban yi dariya ba.

Yanzu sharhin ya haura ɗari biyu, rabinsa a kaina. "Tsohon madubi ya fi kowa jin kiɗan." "A ba tsohon madubi nasa bidiyon." Tsoho! Shekarata hamsin da uku. Furfurar nan ta gado ce, Baba ma da wuri ta fito masa.

Wata mata ta ce a duba yadda yake yin gidan maɓalli da hannu, yanzu ba a samun masu yi. Ta san abin da take faɗa. Baba tela ne, a gabansa na girma, kafin in iya rubuta sunana na iya wannan. Shekara talatin na yi ina ɓoye iyawar, don ina ganin biro ya fi allura. Na karanta nata sau uku, sannan na tuna halin da nake ciki.

Litinin, 8:15 na safe

Auta ba ta ce komai ba. Kwana huɗu ke nan. Ita ce ke kwafe sharhin nan don rahotonta, ba yadda za a yi a ce ba ta gani ba. Jiya muna cin abinci na ce, "Darakta, yaya 'yan kallo?" Ta ce, "Lafiya lau, Abba," ta miƙo mini ruwa ba tare da ta dube ni ba. Inna ta ce a kunna mata waƙar jikarta. Aka kunna, ta kara wayar a kunne tana murmushi. Da aka zo wajen nan na tashi wai zan wanke hannu.

Dubu uku da ɗari ɗaya. Kwana ashirin da shida.

Talata, 3:00 na yamma

Kwamiti. Awa uku a kan benci, minti goma a ciki. An ɗage. Wanda na koya wa aiki da hannuna ya wuce ni yana duba wayarsa.

Laraba, 12:40 na rana

Ɗan Yaya ya tura bidiyon a zauren waya na dangi, ya rubuta, "Ku duba 2:14, wa kuka gani?" da 'yan fuskokin dariya. Yaron nan tun yana ƙarami bakinsa ba ya riƙe ruwa.

Yaya ya kira sau biyu. Na bar wayar tana ruri a cikin gwangwanin maɓallai.

Alhamis, 10:30 na safe

Mun yi da Shugaba. Na ce ta gaya wa 'yarta ta sauke abin, ta yanke sakan shidan nan, ta sake ɗorawa. Ta tsayar da keke, abin da ba ta cika yi ba in tana magana.

Ta ce, "Baban Auta, in ta sauke, sharhin ya tafi da shi. Malamarsu ta ce ba a sake ɗorawa. Su huɗu ne, ba ita kaɗai ba."

Na ce, "To in Inna ta ji fa? Ke za ki kai ta asibiti?"

Ta ce, "Inna ta ga abin da ya fi wannan. Kai dai ka faɗi wanda kake jin kunya."

Na ce a gidana ba za a mayar da ni abin kallo ba. Ta ce nan ba gidana ba ne, shagonta ne, kuma in ina son a sauke, bakina bai yi ciwo ba, ni in gaya wa Auta. Ta taka kekenta ta ci gaba. Shekara ashirin da takwas muna tare, har yau ban taɓa cin ta a gardama ba in tana kan keken nan.

Na zauna na ɓata gidan maɓalli biyu.

Juma'a, 11:00 na safe

Auta ta zo.

Na ji takunta a shago, na ji ta gaida uwarta, sannan ta tsaya a bakin labule ta yi sallama kamar mai shiga ɗakin baƙo. Na amsa. Ta shigo ta zauna a kan buhun ƙyallaye, jakarta a cinya. Ni ga kati a wuya, ga rigar wata mata a hannu.

Na ce, "Tun ranar Alhamis kika sani ko?"

Ta ce, "Tun ranar da muka ɗauka, Abba. Ni ke sanye da abin sauraro a kunne. Kun yi tari sau biyu."

"Tari ai kowa na yi."

"Naku daban ne."

Kwana goma sha bakwai yarinyar nan tana miƙo mini jakata da safe tana cewa a dawo lafiya. Ta ce madubin kam ba ta gani ba sai da mutane suka faɗa, kuma tun ranar ba ta barci sosai. Ba ta tambaye ni abin da ya faru a ofis ba. Ko kalma ɗaya. Ta ce ta yi magana da 'yan ƙungiyarsu, biyu sun yarda, ɗaya yana fushi amma za ta shawo kansa. In na ce a sauke, za ta sauke.

Na ce, "Makin fa?"

Ta ce, "Sai mu maimaita zangon."

Ya kamata in ce a'a. Na sani, a lokacin ma na sani. Sai na tuna kiran Yaya, na tuna kwalbar maganin Inna, na ji bakina yana cewa, "Ki sauke."

Ta ce to. Ta ce in ba ta zuwa Lahadi da yamma, tana so ta kwafe sharhin duka a littafi da hannunta, ko ba za su ba ta maki ba, nata ne. Ta tashi ta gyara labulen yadda ta same shi.

Juma'a, 5:10 na yamma

Ban taɓa jin na ƙanƙance irin yau ba. Ko a kan bencin kwamiti.

Asabar, 2:00 na rana

Yau ba ofis, don haka ta ƙofar gaba na shigo, wai na zo taya iyali hira. Auta na kan teburin yanka da littafi da biro. Sharhi ɗari huɗu da talatin da ɗaya. Ta kai na casa'in, hannunta ya fara ciwo. Na ce kawo wayar in riƙa karanto miki kina rubutawa. Ta dube ni, ta miƙo.

Haka na zauna ina karanta wa 'yata abin da duniya ta ce a kan aikin da na sa ta rushe. Ta ja layi uku a kowane shafi, yabo, gyara, da shirme. Wanda ya ce hoton ya yi duhu, na ce a sa shi a shirme. Ta ce a'a, gyara ne, yana da gaskiya, daga minti na uku rana ta matsa ba su matsar da madubin ba. Wata ta zage ta a kan yadda aka yanka ƙarshen waƙar, ta rubuta ta har da alamar tauraro, wai wannan ta fi masu yabo goma amfani. Ni da ake gaya wa gaskiya in yi kwana uku ba na cin abinci sosai, ina na samo wannan yarinya?

Sai na zo kan na ɗari biyu da saba'in da shida. Wani ne mai kiran kansa Tsohon Tela. Ga abin da ya ce, na kwafe shi don kada in manta: "Ku daina ruɗar kanku. Wannan ba tela ba ne, ɗan wasa suka ɗauko suka ba shi allura. Ku dubi rigarsa ta ofis. Ku dubi tsawon zarensa. Wanda ya zauna gaban mai koyarwa ba ya jan zare haka."

Na ce, "Wane ne wannan?"

Auta ta ce, "Abba, karantawa kawai za ku yi."

Ɗan wasa! Ni! Ni da Baba ya sa na warware gidan maɓalli ɗaya sau goma sha ɗaya a rana guda, ina kuka yana shan shayinsa? Ni da na yi wa rigar da aka ɗaura aurena da ita gidan maɓalli da hannuna? Na miƙe ina zagaya teburin. Na ce a ba shi amsa yanzun nan, a gaya masa ɗan wa nake. Shugaba ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "A ce masa wa ya aiko? Ai gobe za a sauke."

Na koma na zauna. Auta ta ce a wane layi za ta sa shi. Na ce ta bar wurin tukuna.

Lahadi, 9:45 na safe

Na shiga ɗakin Inna bayan ta karya ta sha maganinta. Na sa Shugaba ta tsaya a bakin ƙofa da ruwa, ko da wani abu. Na durƙusa, na fara da nisa, ina ta kewaye-kewaye a kan yadda aikin ofis ya lalace a zamanin nan. Ta ce in miƙo hannuna. Ta kama, ta shafa kan ɗan yatsana na tsakiya da babban yatsanta.

Ta ce, "Wannan kantar ta biro ce?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Shekara talatin da ɗaya ina riƙe hannun ubanka. Tun makon farko na ji allura ta fara cin yatsan nan. Na ce bari in ga ranar da zai gaji da zagaye."

Na ce, "Inna, tsoron jininki nake."

Ta ce, "Jinina ya hau ne da kake fita da jaka ba komai a ciki kana mini sallamar ƙarya. Ka ci amanar wani?"

Na ce a'a.

"To ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Tashi, gwiwarka ba ta yara ba ce."

Shi ke nan. Kwana talatin da biyu ina zagaya gidan mai saboda wannan. Na fito na tarar da Shugaba ta shanye ruwan da kanta.

Na buga wa Auta ƙofa na ce kada ta taɓa bidiyon nan. Ta ce, "Abba, kun tabbata?" Na ce in ta sauke shi ni da ita ne. Sai ta rufe fuska da littafin sharhinta, ni kuma na tafi duba wani abu a tsakar gida.

Litinin, 10:10 na safe

Na rubuta. Auta ta buɗe mini shafi da sunana na gaskiya, na hana ta gyara mini ko harafi ɗaya:

"Ni ne na cikin madubi. Ba ɗan wasa ba ne, ɗan tela ne, kuma mahaifin darakta. Shekarata hamsin da uku, a daina ce mini tsoho. Mai shakka ya kawo rigarsa."

Ta ce sharhi na ɗari huɗu da sittin ke nan, kuma dole ya shiga rahoto. Na ce a wane layi? Ta ce za ta yi shawara.

Litinin, 4:00 na yamma

Mutum ɗari da tara sun danna wa nawa alamar so. Na mai waƙar da kanta arba'in ne. Ba gasa ake ba, na dai faɗa.

Laraba, 1:30 na rana

Yaya ya zo shago. Bai zauna ba. Ya ce da bakin yara zai ji? Ya ce shi da ya kai ni wajen nan ya tsaya mini, bai cancanci in buga masa waya ba? Na ce ya yi haƙuri, na yi kuskure. Ya yi faɗa mai isarsa, kuma yana da gaskiya. Ya tambayi ranar zaman kwamiti na gaba, ya ce zai raka ni ko a benci ne ya zauna.

Da zai fita ya tsaya gaban madubin, ya daɗe. Ya ce, "Yadda ka soke allurar nan a kwala. Na ɗauka Baba ne." Ya fita bai yi sallama ba.

Juma'a, 3:20 na yamma

Kwamiti. Mun zauna mu biyu, ni da Yaya. Sun ce za a aiko da takarda.

Tsohon Tela ya ba da amsa: "Na janye ɗan wasa. Amma zaren ya yi tsawo." Na auna da hannuna. Ya yi tsawo. Baba ma har ya bar duniya yana mini faɗan wannan. Na ce wa Auta ta sa shi a layin gyara.

Talata, 5:30 na yamma

Yau suka kare rahoton. An ce iyaye na iya zuwa, muka rufe shago muka tafi. Ɗaki ne mai kujerun roba da fanka ɗaya mai aiki, malamai uku a gaba. Aka haska bidiyon a bango. Ban taɓa ganinsa da girma haka ba. Da aka zo 2:14 ɗalibai suka ɗauki tafi, wasu suna waiwaye. Na gyara zama, na bar su su gani da kyau.

Auta ta tsaya ba takarda a hannu. Mutum dubu tara da ɗari shida, sharhi ɗari biyar da goma sha takwas. Ba ta fara da yabo ba, da mai maganar duhu ta fara, ta nuna daidai inda hasken ya gudu da abin da ya kamata su yi. Ta kawo mai zagin ƙarshen waƙar ta ce ta fi su gaskiya. Wani malami mai tabarau ya yi ta jefa mata tambaya, tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, muryarta ko rawa ba ta yi. Shugaba ta damƙe mini hannu har yanzu wurin na zafi.

Daga ƙarshe Malamarsu ta ce, "Kusan rabin masu sharhinku a kan sakan shida suka yi magana. Ki gaya mana gaskiya, da gangan kuka yi ko kuskure ne?"

Da ta ce da gangan ne, wa zai musa? Maki ne a ajiye. Har na ji ina roƙo a raina ta faɗi haka.

Ta ce, "Kuskure ne, Malama. Na karkata madubi don haske ban duba abin da ya ɗauko ba, kuma na sa mutum a hoto ban nemi izininsa ba. Na rubuta shi a shafin kurakuranmu, shi ne na farko."

Malama ta ce, "Yanzu kin samu izinin?"

Auta ta juyo ta dube ni. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "An ba ta." Ɗakin ya fashe da dariya, mai tabarau ma ya yi.

Ba a faɗi maki yau ba, sai mako mai zuwa. Ni dai na riga na ba da nawa. Ranar da ta ce fim za ta karanta, na ce mata wannan ba sana'ar mutanen kirki ba ce. A hanyar dawowa na ce mata na janye. Ta ce, "A wane layi zan sa wannan, Abba?" Uwarta ta ce ta kiyaye ta.

Laraba, 8:50 na safe

Takardar ta zo jiya muna makaranta, maƙwabci ya karɓa. Na karanta, na ba Shugaba ta karanta, na kira Yaya. Ba yadda na so ba ne, ba kuma yadda na ji tsoro ba. Akwai sauran tafiya. Na ce ba zan rubuta batun nan a littafin nan ba, kuma ba zan rubuta ba.

Riguna huɗu ke jirana, ɗaya ta wani ce da ya ga sharhina ya kawo don ya gwada ni. Shugaba ta ce in fito da kujerata gaban labule, can baya duhu zai kashe mini ido. Auta ta matsar da madubin ya koma inda yake.

Da safe na sa tsohuwar rigata, na bar jaka da kati a kan ƙusa. Na leƙa ɗakin Inna na gaishe ta. Ta kama hannuna kamar kullum, ta shafa yatsan nan, ta daɗe ba ta saki ba.

Ta ce, "Ɗan tela, a dawo lafiya."

Na bi ta babban titi.